Ku Tambaya Mu Amsa: Gini ko Tanti a Gindin Dutsen Meru?

Assalamu alaikum Malam. Maigidana yana da taron kwana uku a Arusha ta ƙasar Tanzaniya a watan Agusta, kuma ya ce mu bi shi, ni da yaranmu biyu, mai shekara 5 da mai 11, da mahaifiyarsa. Bayan taron muna so mu ƙara kwana biyu mu ga namun daji a gandun da ke jikin dutsen Meru. Na duba intanet har idona ya yi ja. Kowane masauki cewa yake shi ne kusa da gandun, wasu gini ne, wasu kuma tantuna ne amma sun fi ginin tsada. Wanne za mu kama?
Wata uwargida daga Kano

Wa alaikumus salam, Hajiya. Shekara uku na yi ina aiki a Arusha, kuma duk baƙon da ya zo mini daga gida wannan gandun nake fara kai shi, don haka tambayarki ta faɗo gidan sani.

Fara da ajiye hotunan nan gefe. Duk wanda ya ce miki masaukinsa kusa yake da gandun, tambaye shi abu ɗaya: kusa da wace ƙofa, kuma minti nawa ne a mota? Gandun dajin Arusha ƙofa biyu ake shigarsa. Akwai ta Ngongongare daga kudu, wadda ake kaiwa idan an saki babban titin Arusha zuwa Moshi a garin Usa River. Akwai kuma ta Momella can ciki ta arewa, inda masu hawan dutsen suke farawa. Otal ɗin da ke tsakiyar birnin Arusha ma zai rubuta miki "kusa", alhali in cunkoson safe ya rutsa da ku, sa'a guda ba ta kai ku ƙofa ba.

Abin da ya sa na nace a kan wannan shi ne, gandun nan na mai sammako ne. Meru dutse ne mai tsawon mita 4,566, kuma yawanci da sassafe yake buɗe fuskarsa, kafin hantsi gajimare ya lulluɓe shi. Haka ma Kilimanjaro, wanda ke gabas da shi da kimanin kilomita 70. Idan gari ya waye tas, daga tafkunan Momella ana hango ƙanƙarar da ke kansa, amma ƙarfe goma na yi sai ki rantse babu dutse a wajen. Na taɓa kai wani ɗan'uwana da muka makara wajen karin kumallo, ya wuni yana tambayata ina dutsen da nake ba shi labari. Har yau in mun haɗu sai ya tsokane ni.

To, masaukan wajen kashi uku ne a idona. Akwai na Usa River da Tengeru, irin su Rivertrees, Mount Meru Game Lodge da Ngare Sero, da waɗanda ke bakin tafkin Duluti. Gine-gine ne cikin lambuna da gonakin kofi, da wuta da ruwan zafi, ga asibiti da kasuwa a kusa, ga filin jirgin saman Kilimanjaro bai da nisa. Sai na arewa, bayan ƙofar Momella, irin su Hatari Lodge da Momella Wildlife Lodge. Can kam raƙumin dawa na iya zuwa kiwo ki hango shi ta taga kina shan shayi, sai dai hanyar ba kwalta, kuma in wani abu ya taso da dare gari ya yi nisa. Na uku su ne sansanonin tantuna, waɗanda suka ɗaure miki kai.

Na san abin da ke ranki: da an ce tanti sai mutum ya tuno Mina, katifa a ƙasa, mutum hamsin a rumfa ɗaya, ga layin bayi. Wannan daban ne. Tantin masu yawon daji ɗaki ne sosai da aka ɗinka da zane mai kauri, aka kafa shi a kan dandamalin katako ko siminti, sau da yawa da jinkar ciyawa a samansa. Ciki akwai gado na gaske da gidan sauro, bayan gida da wurin wanka a haɗe. Tsadarsa kuwa daga ƙarancinsa take. Sansani na iya zama tanti takwas ko goma kacal, amma sai an ɗauki mai dafa abinci, masu gadi, mai wanki, an kawo ruwa da man janareta daga nesa, duk a raba kuɗin a kan baƙi ashirin. Abin da kike saye shi ne babu bango tsakaninki da daji. Za ki kwana kina jin kukan kura da ɓauna tana tsinkar ciyawa. Ni wannan na fi so, ban ɓoye miki ba.

Amma ban ba ki shawarar tanti ba, saboda mutum biyu a tawagarku: Hajiya babba da autan naki.

Watan Agusta lokacin sanyi ne a can, domin suna kudu da layin da ya raba duniya biyu, damunarmu ita ce hunturunsu. Arusha kanta tana kan tudu kimanin mita 1,400, kuma duk taku ɗaya zuwa jikin dutse ƙarin sanyi ne. Ki ƙaddara Jos ce a watan Janairu, sannan ki cire bango ki sa zane. Masu sansanin suna ƙoƙari, za su ba da barguna, su cusa robar ruwan zafi a ƙarƙashin bargo, amma alwalar Asuba a wannan yanayi ga dattijuwa mai ciwon gwiwa ba wasa ba ce. A wasu sansanonin ma ruwan wanka a bokiti ake dafa shi a rataye a sama, sai kin faɗa tun da wuri, wutar lantarki kuma ta sola ce ko janareta da ake kashewa da dare. Ga tantunan a warwatse, da duhu ba a fita sai mai gadi ya zo da tocila ya yi rakiya. Yaro ɗan shekara 5 da ya saba zirga-zirga tsakanin ɗakin uwa da na kaka ba zai gane wannan doka ba, shi ya sa sansanoni da yawa ba sa ma karɓar ƙananan yara. Wannan kam a tambaya a rubuce kafin a biya ko sisi.

Da ni ne maigidan, sai in kama ɗakuna biyu masu ƙofa a tsakani a Usa River, mota ta ɗauke ku da asuba. Ku shiga ta Ngongongare, nan da nan za ku iske filin da suke kira Serengeti Ndogo, wato ƙaramar Serengeti, da jakunan dawa da ɓauna da gadu. Ku hau bakin Ngurdoto, wani tsohon ramin aman wuta mai faɗin kusan kilomita 3, wanda ba a yarda kowa ya sauka cikinsa ba, daga sama ake leƙawa. A kurmin hanyar ku riƙa ɗaga kai, nan birin kolobus yake, baƙi da fari, da jela kamar an tsefe auduga. Sai ku gangara tafkunan Momella masu ruwan kanwa, inda tsuntsayen filamingo ke taruwa. Ku tafi da abincin ranarku a mota, domin kuɗin ƙofa na shiga ɗaya ne, in kun fita cin abinci komawa sabon biya ne. Ku kuma rufe gilashi a inda gwaggon biri yake. Wanda ya taɓa kwana a Wikki ta Yankari ya san halinsu, na can ma 'yan gida ɗaya ne.

Gaskiya ɗaya da ya kamata yaran su ji tun daga Kano: babu zaki a wannan gandun, giwa kuma sai an yi sa'a. In giwa suke so, ku ba kwana na biyu ga gandun dajin Tarangire, tafiyar sa'a biyu da 'yan kai daga Arusha, a Agusta kuwa garke-garke ake ganinsu a bakin kogi.

Batun kuɗi. Ki tambaya ko farashin da aka ba ki kwana da karin kumallo ne kawai, ko da ci sau uku, ko har da mota da direba da kuɗin shiga. Kuɗin shigar na hukumar TANAPA ne, mai kula da gandayen ƙasar, da kati ake biya, ana kuma ɗora harajin kashi 18 cikin ɗari. Mai fasfo ɗin Najeriya kuɗin Bature yake biya, rangwamen na 'yan ƙungiyar ƙasashen Gabashin Afirka ne da mazauna ƙasar. Yaro daga shekara 5 zuwa 15 yana da nasa farashin, don haka autan ma ya shiga lissafi. Sannan ki kula da tsarin nan na "komai a ciki", don galibi har da giya aka lissafa. Ki ce a cire, kada ku biya kuɗin abin da ba za ku sha ba.

Na ƙarshe kuma shi ne na farko a aikace: kada ku ba da kafin alƙalamin da ba a mayarwa sai biza ta fito. 'Yan Najeriya da 'yan Nijar ba a ba su bizar Tanzaniya a filin jirgi, tun daga gida ake nema ta intanet a jira amincewar hukumar shige da fice, kuma tana cin makonni. Ku haɗa da katin rigakafin shawara na kowa, har Hajiya. Allah Ya kai ku lafiya, a gaida ta.

Malam, ni ɗalibi ne, na tara ɗan abin da na tara ina so in hau Meru. Sai na sayi tanti na tafi da shi?
Wani matashi daga Zariya

A'a ɗana, riƙe kuɗinka. A hanyar Meru ba a kwana a tanti, akwai ɗakunan katako na hukumar gandun masu gado sama da ƙasa. Daga ƙofar Momella, kimanin mita 1,500, za ka taka zuwa Miriakamba a wajen mita 2,500 ka kwana, washegari ka kai Saddle a wajen mita 3,500. Daga nan ake tashi cikin dare, wajen ƙarfe ɗaya ko biyu, don a riski fitowar rana a ƙololuwar da suke kira Socialist Peak. Kwana uku ko huɗu ne duka, kuma ka zaɓi huɗun, jiki na bukatar sabawa da ƙarancin iska. Dole ne ka tafi da ma'aikacin gandun daji mai bindiga, domin rana ta farko cikin ɓauna ake ratsawa.

Abin da za ka kashe wa kuɗi shi ne jakar barci mai ɗumi, takalmin da ka riga ka saba da shi, da safar hannu. Jakar ma ana ba da haya a Arusha. Daren kafin hawa da na bayan sauka ka nemi ƙaramin gidan baƙi a Usa River ko cikin Arusha, wanda zai ajiye maka ragowar kayanka. Tambaya ɗaya za ka yi musu, ko ruwan zafinsu na aiki. Ranar da ka sauko za ka gane dalili.

Mu sababbin aure ne, mun riga mun yanke shawarar tanti. Damuwata abinci da salla. Yaya za mu yi?
Wata amarya daga Maraɗi

Allah Ya sanya alheri, amarya, ku kam tanti ya dace da ku. Musulmi suna da yawa a Tanzaniya, kuma a mahautan gari akasari su ke yanka, don haka naman sa da na akuya ba su cika zama matsala ba. Inda za ki sa ido shi ne karin kumallon da aka shirya domin Turawa, inda ake soya naman alade, wani lokaci a kasko ɗaya da ƙwai. Ki rubuta musu tun kafin ku iso, in kun isa kuma ki nemi ganin mai dafa abincin da kanki. A nan ƙaramin sansani ya fi babban otal, don mutum ɗaya ne a madafa kuma zai riƙe fuskarki. Alade da Swahili nguruwe ne, amma a bakin titi kitimoto suke ce masa, in kin ga an rubuta haka a allo ku wuce. Ugali kuwa tuwon masara ne ba miyar kuka, ba zai baƙunce ki ba.

Alƙibla a can arewa take, ta ɗan karkata gabas kaɗan. Makon farko da na yi a Arusha sai da ƙafata ta riƙa juyawa gabas da kanta. Ki tafi da buta ƙarama, ba kowane bayi ke da abin tsarki ba, kuma kada ki zuba kayanki a leda, an hana ta a ƙasar tun watan Yunin 2019.

Sai agogo. Ban da sa'a biyu da suke gabanmu, Waswahili daga fitowar rana suke fara ƙirga lokaci, ƙarfe bakwai na safe shi ne ƙarfe ɗayansu. Wani mai gadi ya taɓa ce mini direba zai zo "saa kumi na mbili", na lissafa sha biyu na ce ashe da sauran barci. Ƙarfe shida na safe ya tsaya a bakin tantin yana kiran sunana, ni kuwa ko alwala ban yi ba. In an ba ku lokaci, ki sa a nuna miki shi a fuskar waya.