Ga ɗan'uwan da teburin tankin kifinsa yake rawa a kan tayil

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, da na karanta cewa teburin ƙarfen da aka ƙera maka domin tankinka mai tsawon santimita 120 yana rawa a falo, ƙafa ɗaya ba ta taɓa ƙasa, kuma kana shawarar cusa mata kwali ka cika ruwa, sai gabana ya faɗi, domin abin da na yi ke nan a gidana na Rijiyar Zaki, kuma na ɗanɗana kuɗata.

Nawa tankin tsawonsa santimita 120 ne, faɗinsa 50, zurfinsa 60, wato lita 360, kuma kowace lita ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne. Idan aka haɗa da gilashin da tsakuwa, nauyin ya haura na buhun siminti takwas, duk a kan ƙafafu huɗu. Ranar da mai waldar ya kawo teburin na nuna masa yadda yake rawa, sai ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, ruwa na shiga zai zauna da kansa." Ya kuwa zauna, amma ta hanyar murɗewa, saboda kwalin ya sha ruwan goge-goge ya lotsa, ƙarfen ya bi shi, gilashin kuma ba ya lanƙwasa.

Bayan mako uku, wajen ƙarfe biyun dare, babu wuta, na ji ɗigar ruwa. Da na haska fitilar waya sai na ga silikon ɗin kusurwar baya, wato gam ɗin da ke haɗa gilasan, ya buɗe tun daga ƙasa, ruwa yana bin bango, kafet ya jiƙe sharkaf har ƙarƙashin kujeru. Haka na tsuguna ina kamo kifaye da matatar shayi ina zubawa a bahon wanka, uwargida tana riƙe da fitila ba ta ce mini uffan ba, wanda ya fi mini zafi da a ce faɗa ta yi. Biyu daga cikin manyan ba su kai safe ba. Da na koma wurin mai waldar nan, ko jaje bai yi mini ba, ya ce laifin magini ne da ya karkata daɓen, har yana neman kuɗin gyara. Gaskiya ne cewa daɓen ya ɗan gangara wajen ƙofa, amma shi ne ya ce in cika ruwan, kuma har yau idan na bi ta gaban shagonsa ba na iya kallon wurin.

Don Allah kada ka yi gyaran a ƙarƙashin gilashi, a ƙarƙashin ƙafafun tebur ake yinsa. Farin soson da ake shimfiɗawa tsakanin tanki da tebur yana da amfani, amma ƙananan tudu kawai yake shanyewa, ba ya gyara karkata. Ka ari ma'aunin magina mai kumfa a tsakiya, ka auna ta tsawo, ka auna ta faɗi, sannan daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta, domin 'yar karkata zuwa gefe ɗaya ta fi murɗewa sauƙi nesa ba kusa ba. Ni a Kasuwar Ƙofar Ruwa na sa aka yanko mini falankan ƙarfe masu kauri daban-daban, daga baya kuma wani mai waldar ya haɗa wa kowace ƙafa babban noti da kusa mai zare, ta yadda sufana kaɗai ke ɗaga ta ko sauke ta. Katako ma ban yarda da shi ba, tunda yana kumbura da ruwa ya kuma tsuke da hunturu.

Ka ƙwanƙwasa tayil ɗin da ƙafafun za su hau, idan ya yi amon ganga to akwai rami a ƙasansa, sai ka sauya wuri ko ka sa faranti mai faɗi ya raba nauyin. Bayan haka ka zuba ruwa kamar santimita 5, ka auna daga saman ruwan zuwa bakin tankin a kusurwoyi huɗu, ka sake aunawa idan ya kai rabi, da kuma bayan mako guda. Kada ka taɓa ƙafar teburin alhali tankin yana cike. Idan ka yi awon farko, ka turo mana lambobin huɗu mu gani kafin ka kira 'yan ga-ruwa.