Ƙona leda a cikin gida da tarin da yaro ke yi da dare

Tambaya: Assalamu alaikum. Motar kwashe shara ba ta shiga lungunmu, saboda haka kullum da yamma nakan tara ledoji da robobi in cinna musu wuta a bayan ɗaki. Yanzu ɗana mai shekara 4 yana tari da dare har ƙirjinsa na shesheƙa. Maƙwabciyata ta ce hayaƙin ba shi da illa, ma yana korar sauro. Hankalina ya tashi. Daga wata uwa a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba shi lafiya. Ki kai shi asibiti a duba shi, ki kuma gaya wa likita maganar hayaƙin. Wutar nan kuwa ki daina ta daga yau.

Maganar maƙwabciyarki ita ce abin da na gaji da ji a duk unguwar da aikin duba tsafta ya kai ni, wai wuta tana cinye ƙazanta. Ledar da aka ƙona tana nan, ta dai koma baƙin hayaƙin da yaronki ke shaƙa da tokar da ke kwance a tsakar gidanki. Wutar bola ba ta da zafin da zai ƙone roba ƙurmus, sai ta yi ta ci a hankali tana turnuƙewa, kuma idan akwai tsohuwar wayar lantarki ko guntun bututun roba na PVC a ciki, gubar da ake kira dayoksin tana fitowa. Wannan guba tana cikin waɗanda yarjejeniyar Stockholm ta 2001, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla kan sinadarai masu guba, ta ambata, domin ba ta saurin rubewa, tana taruwa a cikin kitse. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi 90 cikin 100 na dayoksin ɗin da ke shiga jikin mutum ta abinci yake bi. Kazar da ke tonon tokar nan da safe, ƙwanta kike soya wa yara, kuma mai shayarwa tana iya miƙa gubar ga jaririnta ta nono.

Na sha ganin mace ta naɗe ledar fiya wata ta kunna gawayi da ita, tana fifita, leda na ɗiga, goyo a bayanta. Sauron da ake cewa an kora kuwa, da hayaƙi ya lafa yake dawowa. Gidan sauro ne maganinsa.

Na san hukumomi sun iya hana zubar da shara a kwata ba tare da sun ajiye wa mutane inda za su kai ta ba. Kafin su farka, ki raba shararki. Ɓawon kayan miya da ragowar abinci su tafi wajen dabbobi ko ramin taki. Gwangwani, kwalabe da robobin ruwa ki tara wa 'yan bola jari, har kuɗi za su ba ki. Ki riƙa zuwa cefane da kwando ko jakar buhu. Abin da ya rage na leda ki ɗaure a buhu nesa da awaki, domin tana cushe musu tumbi, sannan ku haɗa kuɗi da matan lungu ku ɗauki mai kura ya riƙa kai shi matattarar shara sau ɗaya a mako.