Kulocin motata yana rawa: me ya kamata in saya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni direban tasi ne a Aboabo, Kumasi. Duk lokacin da na ɗora ƙafa a kan kuloci sai in ji yana rawa, kuma makanikina ya ce in sayo faifan kuloci na hannu a Suame Magazine, kasuwar kayan gyaran motoci ta Kumasi. Shin in bi shawararsa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka fitar da ko sidi ɗaya tukuna, domin wannan rawa ba daga wuri guda take tasowa ba. Ka tayar da mota, ka bar giya a firi, sannan ka taka kulocin a hankali. Idan rawar tana dukan tafin ƙafarka tare da ƙarar gurza, kuma ta ɗauke da zarar ka ɗage ƙafa, galibi boris ɗin kuloci ne ya cinye, ko haƙoran fireshafilet, wato farantin da ke matse faifan kuloci, sun daina daidaita. Idan kuwa motar ce gaba ɗaya take girgiza sa'ad da kake tashi a giya ta ɗaya, a fara duba robobin da inji yake zaune a kansu, saboda ana ganinsu ba tare da an kwance komai ba, kuma sun fi araha. In lafiyarsu ƙalau, sai a zargi baƙin mai da ke yoyo daga bayan inji yana jiƙa faifan, ko filawil (farantin ƙarfe na bayan inji da faifan yake mannewa a jikinsa) da zafi ya ƙona har fuskarsa ta yi tabo shuɗi-shuɗi.

Game da saye, ban goyi bayan faifan hannu ba. Kafin a kai ga kuloci dole ne a sauke giyabos, kuma wannan aiki yana cin kuɗi da yini guda na neman abincinka, don haka ka sayi sabbin kayan guda uku tare, wato faifai da fireshafilet da boris, na kamfani sananne irin Exedy, Valeo ko LuK. Jabu yana yawo a kasuwa, saboda haka ka tafi da tsohon faifan ka jera shi da sabon, ka ƙirga haƙoran tsakiyarsa, ka karɓi rasit. Kafin a rufe giyabos, ka tsaya da kanka ka ga an canza robar da ke tare mai a bayan inji idan tana yoyo, domin in an bar ta, sabon faifan ma zai jiƙe.