Tambaya da Amsa: In jefa farasitamol a kazar da za a yi fiza (pizza) da ita don ta yi laushi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Ina zaune a wani ƙauye kusa da Ringim. Yara sun matsa min sai na yi musu fiza mai kaza da kayan lambu da daddare, irin wadda suke gani a waya. Ba ni da oban, kuma zakaran da za a yanka ya tsufa. Maƙwabciyata ta ce in jefa ƙwayar farasitamol huɗu a tukunya zai yi luguf nan da nan, wai haka masu girkin biki suke yi. Hankalina bai kwanta ba, don autana shekararsa biyu. Akwai illa?

Amsa: Wa alaikumus salam uwargida. Akwai illa, babba kuwa. Ko ɓarin ƙwaya kada ki sa.

Wannan maganar ta ishe ni, wallahi. Duk taron mata da na je sai an samu mai cewa "ai mun daɗe muna yi, ba abin da ya same mu." Wa ya auna hantarku balle ku sani? Ƙwaya ɗaya miligiram 500 ce, huɗu kuwa giram 2 ke nan, rabin iyakar abin da aka yarda ƙaton mutum ya sha a yini guda. Yaro kuwa da nauyin jikinsa ake auna masa. In maganin ya narke a romo, ta yaya za ki san nawa ya shiga cikin autanki? Ƙila ma da rana an ba shi na ruwa saboda zazzaɓi, ga na tukunya ya hau kai. Hanta ce ke sarrafa farasitamol, in ya yi mata yawa sai ta fara lalacewa, kuma sau da yawa sai bayan kwana biyu ko uku ciwon ciki da rawayar ido suke bayyana, lokacin kowa ya manta da abin da aka ci. Sai a ce shawara ce, a nufi wajen mai saiwa, a ƙara wa hantar wahala. Banda haka, doguwar tafasa tana farfasa wani ɓangare na maganin ya koma sinadarin da ke cutar da ƙoda. Hukumar NAFDAC mai kula da abinci da magunguna ta sha yin gargaɗi a kan haka, amma masu son tsimin itace sun toshe kunne, suna ciyar da jama'ar biki abin da ba su sani ba. Wannan cin amana ne.

Tsohon zakara wuta kaɗan-kaɗan yake so da haƙuri. Ki yanka shi ƙanana, ki cuɗa da dakakkiyar ɗanyar citta da tafarnuwa, ko ki goga ɗanyen gwanda kaɗan a kai, ya yi kamar awa ɗaya a inuwa, sannan ki dafa a rufe har tsoka ta saki ƙashi. Ki zagzage ta, ki ɗan soya da albasa. Ɗanyar kaza ba ta hawa kan fiza, don kwaɓin yana riga ta gasuwa, ita kuma ƙwayoyin cutar gudawa ba sa mutuwa sai zafi ya ratsa har tsakiya.

Sauran aikin ba wuya. Fulawa kofi 3, yis ƙaramin cokali 2, gishiri, ɗan sukari, mai cokali 2 da ruwan ɗumi. Ki murza, ki rufe ya tashi. Tumatir da tattasai ki dafa su har ruwan ya tsotse, in ba haka ba tsakiyar za ta caɓe. Albasa, koren tattasai, karas da alayyahu a wanke da ruwa mai tsabta, a yanka siri-siri. Attaruhu kaɗan saboda yara.

Maimakon oban, ki zuba yashi a babbar tukunya ya yi zafi sosai, ki ɗora faranti a kan duwatsu uku, ki rufe, ki zuba garwashi a kan murfin yadda ake gasa kek. Kwaɓin ya zama fale-fale, ki shafa tumatirin, ki jera kaza da kayan lambun a kai, kina leƙawa daga minti 15. Batun cukun da ake sa wa fiza kuwa, na Buzaye ba ya narkewa ya yi yauƙi. In ba a samo miki mozarela, cukun da ke narkewa, daga Kano ko Dutse ba, ki kaɗa ƙwai ki kwarara a sama, zai riƙe kayan.

Ki yi daidai cikinku. Inda ba firij, abin da ke da kaza da ƙwai ba ya kwana a ba yara da safe.