Zauren Sauti: Amsoshin Tambayoyinku Kan Kiɗan Dob da Rimiks

Assalamu alaikum. Wasiƙun wannan watan sun fi yawa a kan rimiks, wato sake haɗa waƙar da aka riga aka yi ta wata siga, sai na tsamo huɗu daga ciki. Ta farkon ce za ta ci mana wuri, domin ita ce ta taɓo inda yake mini ƙaiƙayi.

TAMBAYA: Baba, ina da ɗan situdiyo a ɗakina, da FL Studio nake aiki. In zan yi rimiks sai in ɗauko waƙa in ƙara mata sauri, in zuba mata gangar amapiano da fiyano biyu ko uku. Yayana ya saurara ya ce kwamacala na yi, wai in je in ji kiɗan dob. Mene ne dob ɗin? Daga wani matashi a Tudun Wada, Kaduna.

AMSA: Ɗana, yayan nan naka mai ƙaunarka ne, ka riƙe shi. Dob, wanda Turawa ke rubutawa dub, ɗan regge ne, a tsibirin Jamaika aka haife shi. A ƙarshen shekarun 1960 masu manyan sifiku na can sukan je situdiyo a yanka musu faifai guda ɗaya tak, wanda babu mai irinsa, don su kere wa abokan hamayya a filin rawa. Wani daga cikinsu, Ruddy Redwood na garin Spanish Town, ya je situdiyon Duke Reid, sai aka yi kuskure aka yanka masa kiɗa babu muryar mawaƙa. Ya tafi da abinsa haka, ya sa a wurin rawa, jama'a suka ɗauki waƙar da bakinsu. Daga nan aka fara cika bayan ƙaramin faifan garmaho da kiɗa zalla.

Wanda ya mayar da wannan kuskure sana'a shi ne Osbourne Ruddock, wanda duniya ta sani da King Tubby. An haife shi a Kingston a 1941, kuma asalinsa mai gyaran rediyo ne da haɗa amfilifaya. Wannan ya sa nake jin sa a raina, don ni ma da gyaran rediyo na fara kafin in zauna a gaban miksa, wato na'urar haɗa sautuka. Situdiyonsa a unguwar Waterhouse ɗaki ne a cikin gida, ko wurin da makaɗa za su zauna babu. Sai dai a kawo masa tef mai layi huɗu, kowane layi da sautin da ke kansa daban, wanda aka riga aka ɗauka a wani wuri. Ya sayi tsohuwar miksa daga situdiyon Dynamic Sounds a farkon shekarun 1970, da ita ya yi aikin da har gobe ake koyo. Harbe shi aka yi a ƙofar gidansa a watan Fabrairun 1989.

To me yake yi da tef ɗin? Ragewa. Ya ja muryar mawaƙi ƙasa ana tsaka da baiti, ya bar kalmar ƙarshe tana yawo cikin amsa-kuwwa har ta narke. Ya kashe jita da fiyano, ya bar ganga da bes su kaɗai suna tafiya kamar mutum biyu a kan hanya da dare. Can sai ya buɗe jitar daƙiƙa ɗaya ya sake rufewa. Akwai wani akwatin amsa-kuwwa mai sifirin a ciki, yakan buge shi ya ba da ƙara kamar tsawa. Duk da hannu yake yi tef na tafiya, shi ya sa in ya maimaita waƙa ɗaya sau uku, uku daban za ka samu.

Bari in ba ka abin da na gani da idona. Na taɓa ɗaukar wata mawaƙiyar biki da 'yan amshinta da mai kalangu, muka ɗora bes da fiyano a kai. Bayan ta tafi, mai kalangun yana zaune a tabarma yana cin goro, yana jiran ɗan acaɓa. Na sa waƙar na fara jan madannai ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Fiyano ya tafi, amshi ya tafi. Inda ta ce "gida" na tura kalmar cikin amsa-kuwwa na rufe muryar. Saura kalangu da bes. Sai ga ƙarar igiyoyin kalangun ta fito fili, wannan 'yar kukan da suke yi in ya matse su a hammata. Mutumin ya daina tauna, ya taso ya tsaya a bayana, ya ce in maimaita. Sau huɗu na maimaita masa. Ya ce tun yana yaro yake kiɗa, bai taɓa jin hannunsa haka ba. Ban ƙara ko ɗigo a waƙar ba, abin da ke ciki ne na buɗe masa hanya.

Kai kuma ƙari kake yi a kan abin da ya riga ya cika. Waƙar da ka sauke daga intanet an gama haɗa ta, murya da kiɗa sun cakuɗe, duk abin da ka zuba a kai faɗa zai yi da na ƙasa. Ba a tauna taura biyu. Ka nemi layukan waƙar daban-daban daga wanda ya haɗa ta: murya ita kaɗai, ganga ita kaɗai, bes shi kaɗai. In ba ka samu ba, ka fara da waƙarka.

Ga aikin gida. Ka buɗe layi guda ka sa masa amsa-kuwwa, ka riƙa tura masa murya a ƙarshen baiti kawai. Lissafin tazararta mai sauƙi ne: ka raba 60,000 da saurin kiɗan. In saurin 75 ne a minti, bugu ɗaya 800 ke nan a ma'aunin kashi dubu na daƙiƙa. Ka gwada 600, wato kashi uku cikin huɗu, za ka ji amsa-kuwwar tana ɗingishi a tsakanin bugun ganga, wannan ɗingishin shi ne daɗin. Ka yanke mata ƙasan sauti don kada ta dagula bes. Sannan ka daina zana hawa da saukar sauti da linzamin kwamfuta, ka danna ɗauka, ka yi da yatsunka waƙar na tafiya. Kada kuma ka yanke hukunci da sifikar waya, ba ta fitar da bes, alhali rabin dob a nan yake.

TAMBAYA: Malam, daga sunan Lucky Dube aka samo kalmar dob? Daga wani direba a Gusau.

AMSA: A'a, ɗan'uwa, kama ce kawai ta rubutu. Lucky Dube mawaƙin regge ne ɗan Afirka ta Kudu, an kashe shi a Johannesburg a watan Oktoban 2007, kuma Dube sunan gidansu ne. Dob kalmar situdiyo ce da ke nufin kwafar sauti daga wani abu zuwa wani, tun kafin ya fara waƙa ake amfani da ita.

TAMBAYA: Malam, wane sabon aiki zan nema in saurara? Kuma mu a Nijar muna da rabo a kiɗan na'ura kuwa? Daga wata ɗaliba a Damagaram.

AMSA: 'Yata, in kina so ki ji yadda ake rimiks a fili, ki nemi kundi biyu na Horace Andy, dattijon mawaƙin Jamaika, da Adrian Sherwood na Ingila ya haɗa a 2022. Na farko Midnight Rocker, na biyu Midnight Scorchers, inda ya warware waƙoƙi da dama na farkon ya sake ɗinka su. Ki ji su a jere, ki lura da abin da ya ɓace a na biyun.

Wanda ya fi kama ni a 'yan shekarun nan shi ne aikin Mark Ernestus, Bajamushe daga Berlin. Shi da Moritz von Oswald ne suka aurar da dob da kiɗan tekno a farkon shekarun 1990 da sunan Basic Channel. Daga baya ya nufi Dakar ya haɗa kai da makaɗan sabar, gangar gargajiya ta Senegal, suka kafa Ndagga Rhythm Force. Kundinsu na 2025, Khadim, an rage shi har kusan ƙashi: ganga, muryar mace guda, da fili mai faɗi a tsakani. Duk lokacin da na sa shi sai in ce, ina ma a yi wa kalangu da kotso irin wannan gata.

Rabo kuwa kuna da shi, babba ma. Mamman Sani ya ɗauki kaset da ogan mai lantarki a Yamai tun 1978, aka daɗe ana sa kiɗansa tsakanin shirye-shirye a rediyo da talabijin na Nijar. Ki tambayi iyayenki, da wuya su kasa gane shi in sun ji. Kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da kaset ɗin a 2013. Akwai kuma Hama, shi ma a Yamai, wanda ke ɗaukar karin waƙoƙin Sahara yana sake gina su da na'ura, kundinsa Houmeissa ya fito a 2019.

TAMBAYA: Oga, in na yi rimiks ɗin waƙar wani na sa a TikTok, akwai laifi? Ai talla nake masa. Daga wani DJ a Jos.

AMSA: Ƙanena, akwai. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta bar wa mai waƙa ikon sarrafa abinsa, kuma rimiks sarrafawa ne. Ka je wurin mawaƙin da wanda ya haɗa kiɗan, ku yi magana kan suna da kuɗi, a rubuta a takarda kowa ya sa hannu. A zaman nan ne ma za ka roƙi layukan waƙar da na gaya wa ɗanmu na Kaduna ya nema.