Shagon kwafi a Aboabo: in sayi WinRAR ko in nemi wata?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan shagon kwafi da buga takardu a Aboabo, nan Kumasi. Mutanenmu kan kawo fasfo, takardar haihuwa, takardun makaranta, in yi musu sikanin in tura gida Kano ko Damagaram. Da WinRAR, manhajar da ke haɗa fayiloli da yawa ta matse su cikin ƙunshi ɗaya, nake ƙunshe su, amma kullum sai ta tare ni da saƙon cewa kwanakin gwaji sun ƙare. Wani yaro mai gyaran kwamfuta a Adum ya ce in ba shi 'yan sidi ya sa mini wadda aka fasa, wato wadda aka cire wa shingen biyan kuɗi. In karɓa ko in biya kamfanin?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya yi wa sana'a albarka. Ta yaron nan kam ka bar masa abarsa. WinRAR ba kyauta ba ce, kwana 40 aka ba ka ka gwada, daga nan sai lasisi daga kamfanin da ke sayar da ita a Jamus. Ci gaba da buɗewa da take yi ba ya nufin an yafe maka. Dokar haƙƙin mallaka ta Ghana ta 2005 ta haɗa har da manhajojin kwamfuta, kai kuwa da ita kake neman kuɗi. Abin da ya fi damuna ma shi ne fasassun manhajoji sun yi suna wajen shigo da ƙwayar cutar kwamfuta a ɓoye, alhali kwamfutarka cike take da fasfon mutane. Amana ce.

Amma ban ga dalilin biyan ba. Sauke 7-Zip, wata manhajar ƙunshe fayiloli, daga shafinta na asali. Wani ɗan Rasha, Igor Pavlov, ya fito da ita tun 1999, kuma lasisinta ya yarda a yi amfani da ita a shago ko kamfani ba tare da biyan ko sisi ba. Tana buɗe fayil ɗin RAR, wato irin ƙunshin da WinRAR ke yi, ƙulla sabo ne ba ta yi. Wanda aikinsa ya wajabta RAR shi ya kamata ya sayi lasisi, a biya sau ɗaya a huta, sai dai ya riƙa sabunta WinRAR ɗin da hannunsa, domin a 2023 an gano wata kafa da ɓarayin intanet ke shiga ta cikinta, sai a sigar 6.23 aka toshe.

Ka riƙa tuna wanda zai karɓa. Ƙanin wani ne a Sabon Gari da wayar hannu, ko ma'aikacin ofis mai tsohuwar kwamfuta. Ka tura masa RAR ko 7z (irin ƙunshin 7-Zip), gobe ya bugo waya yana cewa abin ya ƙi buɗewa. Zaɓi nau'in ƙunshin ZIP, kusan kowace na'ura ta san shi.

Kada kuma ka sa rai ƙunshewa za ta rage nauyin takardu. Hoton JPEG da yawancin PDF ɗin sikanin a matse suke tun asali, ka ƙunshe su sai ka ga kusan yadda suke. In Gmail ta ce ka wuce megabait 25, koma kan na'urar sikanin ka rage ƙarfinta zuwa dpi 200 (dpi shi ne ma'aunin kaifin hoton), rubutun zai fito sarai. Shafukan neman biza da na makarantu kuwa galibi PDF ko hoto suke karɓa kai tsaye, ba ƙunshi ba.

Saura kalmar sirri, wadda nake ganin ita ce babban amfanin manhajar a wurinka. 7-Zip na kulle fayil da tsarin AES-256 mai ƙarfi, sai dai irin wannan ZIP ɗin Windows ba ta buɗe shi da kanta, dole mai karɓa ya sa 7-Zip ko makamanciyarta shi ma, don haka faɗa masa tun da wuri. A ZIP sunayen fayiloli na nan a fili ko an kulle, kada ka rubuta cikakken sunan mutum da lambar fasfonsa a kai. Kalmar sirrin kuma ba a haɗa ta da fayil a saƙo ɗaya: fayil ta imel, kalma ta kiran waya. Da zarar an tabbatar maka saƙo ya isa, goge kwafin daga kwamfutar shago, har da kwandon shara.