Me ya sa ake ce wa limamin Katolika "Fada"?

Tambaya: Malam barka da aiki. Maƙwabcinmu ɗan Katolika ne, ranar sunan ɗansa naji ana ta cewa Fada ya iso, Fada ya iso, ni har na ɗauka wani ne daga gidan sarki, sai naga saurayi cikin farar doguwar riga. Shin sunan nada alaƙa da fadar sarki ne? Kuma ya bambanta da Fasto?

Amsa: Sannu ɗan'uwa, ba kai kaɗai ka taɓa wannan tunanin ba. Babu alaƙa ko kaɗan da fadar sarki. Kalmar Turanci ce "father", wato uba, sai bakin mutanenmu ya gyara ta, tunda bamu da sautin "th" ɗin nan sai ya koma "d", kamar dai yadda "leather" ta zama leda.

Amma asalin abin ya girmi Turanci nesa ba kusa ba. Tun ƙarni na 3 da na 4 akwai masu ibada da suka bar gari suka tare a hamadar Masar, irin su Antoniyos wanda ya rasu a 356, almajiransu kuwa Abba suke ce musu, kalmar Aramaik ce yaren da Yesu ya yi magana dashi, ma'anarta uba, kaga ai ko a gidajenmu Abba ɗin ne dai. Har yau Kiristocin Kibɗawa a Masar Abuna suke ce wa limaminsu, wato ubanmu. Shi kansa Paparoma daga nan sunansa ya fito, "pappas" da Girkanci baba kenan, sai aka haɗa da Roma. Kuma abin da mutane da yawa basu sani ba, bishop ɗin Iskandariyya an kira shi Papa tun ƙarni na 3, shi ya sa shugaban cocin Kibɗawa na yanzu Tawadros na biyu shima Papa ne.

A Turanci kuwa sai a ƙarni na 19 kiran kowane limamin Katolika da wannan suna ya zama ruwan dare, ƙasar Ailan ce ta yi gaba a wannan al'adar, to da yake ƴan mishan ɗin Katolika da suka yi aiki a Kaduna da Jos da kewaye yawancinsu ƴan Ailan ne sai sunan ya zauna daram a bakinmu.

Fasto kuma daga Latin ne, ma'anarsa makiyayi, shi ne zaka fi ji a coci-coci irin su ECWA, COCIN, EYN da Baptis, Rabaran kuma ma'anarsa wanda ya cancanci girmamawa. Da yawa cikin waɗannan coci-cocin basa amfani da Fada saboda Matiyu 23:9 a Littafi Mai Tsarki inda Yesu ya hana kiran wani uba a duniya don Uba ɗaya ne yana sama. Ƴan Katolika kuma sukan amsa da 1 Korintiyawa 4:15 inda manzo Bulus ya ce wa mutanen Korinti shi ya zama ubansu ta hanyar bishara, suce abin da Yesu ya hana shi ne neman girma da ɗaga kai, in ba haka ba ai ko mahaifinka ba zaka ce masa baba ba. Ni a nawa ganin duk ɓangarorin biyu da gaske suke riƙe da nassi, bai kamata wani ya raina wani akan suna ba.

Saurayin da ka gani ba shi da mata ba shi da ɗa, don limaman Katolika na ɓangaren Roma basa aure, ubancin nasa na ruhu ne, shi zai yi wa jaririn baftisma, shi za'a taso da tsakar dare in wani ya kwanta rai a hannun Allah. Na taɓa ganin wata tsohuwa mai shekara wajen 80 ta rusuna tana cewa "sannu Fada" ga yaron da ta goya da zaninta, shi kuma ya riƙo hannunta da hannu biyu yana cewa Mama don Allah ki tashi.